Akuyata Ba Ta Da Lafiya

Tun kafin ku fara zagina a ƙasan rubutun nan, bari in riga ku: na san ni na jawo wa kaina. Ba asiri aka yi min ba, ba wata ce ta ƙwace min shi ba, iyayena ma ba su hana ba. Da hannuna na yi, har da dariyata lokacin da nake yi. Ku dai bar ni in faɗi yadda aka yi, in na gama sai ku ɗora faɗan.

A gida Auta ake ce min, duk da shekarata ashirin da bakwai. A shagon tabarau nake aiki. Daga Litinin zuwa Juma'a rayuwata ba ta wuce goge gilashi, ɗaure 'yan mitsi-mitsin kusoshi, da lallashin tsofaffin da suke rantsuwa idonsu garau yake alhali da shigowarsu madubi suka yi wa sallama. Amma yammacin Asabar nawa ne, kuma ƙawata Nas ce ta nemo min inda zan kai shi. Ma'aikaciyar jinya ce, shi ya sa sunan ya bi ta.

A bayan shagon buga takardu na wani da muke kira Dogo akwai ɗan ɗaki, tebur ɗaya, kujerun roba biyar, da fanka mai kukan tsiya. Nan muke wasan. Ga yadda yake, don wanda bai sani ba: mutum ɗaya shi ne Mai Labari, shi ke ƙirƙiro duniyar, da sarakunanta da dodanninta. Sauran kowa yana da jarumi guda, an rubuta ƙarfinsa da wayonsa a takarda. Mai Labari zai ce, "Ga ƙofar kogo a gabanku, me za ku yi?" Kai kuma ka faɗi abin da jaruminka zai yi, ka jefa ɗan ludo mai fuska ashirin. In lamba babba ta fito ka dace, in ƙarama ce ka kwashi kashinka a hannu. Mama har gobe "ludon 'yan boko" take ce masa.

Nas ta ɗauki mayaƙiya mai gatari. Dogo, wanda sai ya sunkuya yake shiga ƙofar shagonsa, ya zaɓi wada ɓarawo. Akwai kuma Lauya, da bokansa mai gardama a kan kowace doka. Ni da aka miƙo min farar takarda na ce ba na son takobi, ba na son tsafi. Mace nake so mai kwalekwale, tana fiton mutane a kogi, tana da bukka da akuya ɗaya, kuma ba ta son a dame ta.

Mai Labari ya ɗago daga bayan kwalin da yake ɓoye takardunsa ya dube ni. Injiniya ne, na'urorin asibiti yake gyarawa. Kullum hannun rigarsa a naɗe, fensir a bayan kunne, ga wata irin murya da yake juya ta ta zama ta tsohuwa ko ta sarki ba tare da ya yi ko tari ba. Ya ce, "Madalla. Dodo ya haɗiye ruwan saman ƙasa bakwai, ya je ya kwanta a wani tsibiri. Babu wanda ya san hanyar ruwan nan sai Mai Fito. Ga jarumai uku a ƙofar bukkarki suna roƙo. Me za ki ce?"

Na naɗe hannu a ƙirji na ce, "Ku yi haƙuri, akuyata ba ta da lafiya."

Dogo ya yi dariya har kujerarsa ta nemi karyewa. Shi kuwa Mai Labari ko gezau. Ya turo manzon sarki da buhun zinari, na ce akuya ba ta cin zinari. Ya turo tsohuwa tana kuka, na ba ta ruwa na sallame ta. Can sai ya yi ɗan murmushi ya ce, "Da gari ya waye, kin tarar da igiya a yanke. Ga sawun ɓarayi, ga sawun akuya, sun nufi bakin kogi." Dole na ɗauki filafili ina zage-zage.

Haka muka yi shekara guda da 'yan watanni. Duk inda aka yada zango sai Mai Fito ta ce ita fa gida za ta koma, shi kuma ya nemo sabon dalili. Yau gada ta karye a bayanmu, gobe maganin akuya sai a gari na gaba, jibi an ɗaure Nas babu mai kwance ta sai ni. Kuma duk sanda aka ja ta dole, Mai Fito ce take yin abin da ya fi na kowa. Tun da na yi alkawarin gaskiya, bari in faɗa muku abin da nake so a wasan nan. Ba dodon ba ne. Lokacin nan ne da teburin gaba ɗaya zai juyo gare ni ana jira, shi kuma yana taɓa fensirinsa yana tunanin ta inda zai ɓullo min.

Wata rana muna tattara kaya ya ce, "Auta." A tebur Mai Fito yake ce min, in ya kira ni Auta to magana ce ta gaske. "Jarumar da ba ta son tafiya tana da daɗin wasa. Amma akwai sharaɗi. Ita tana iya cewa a'a, ke mai riƙe da ita sai ki bar min ƙofa. Wata rana ke ma ki zo min da dalilin da zai sa ta tashi. In kullum ni ne mai ja, ranar da dabara ta ƙare min fa?"

Na ce, "Ai aikinka ke nan, wa ya aike ka zama Mai Labari?"

Ya yi dariya, ni ma na yi. A lokacin ma na riga na kamu. In wayata ta yi ƙara na ga shi ne, sai na ƙirga minti ashirin kafin in buɗe, ina zaune ina kallon agogo kamar mai jiran magani ya yi aiki.

Kada ku ce haka kawai na tashi da wannan hali. A gidanmu karatu biyu ake yi min a lokaci guda. Da safe Mama ta ce, "Auta, sa'o'inki duk suna ɗakunansu, ke kina can kina jefa ludo. Ki fito da miji." Da yamma kuma, tana ninke kayan wanki a bakin gado, ta ce, "Kuma kar ki kuskura namiji ya ga cikinki. Ranar da ya san kina so, ranar darajarki ta zube. Ba ki ga Yayarki ba?" Yaya ita ce ta so wani ƙarara, kowa ya sani, ita ke kira, ita ke saya masa agogo. Saura wata biyu biki ya ce ya fasa. Shekara ta yi ba ta son fita ko ƙofar gida. Ina da shekara goma sha biyar a lokacin, ɗaki ɗaya muke kwana, ni na san irin kukan da ta yi.

Karo na farko da ya nemi wani abu a wurina, a ƙofar shagon Dogo ne. Ya ce yana so ya zo ya gaida su Baba. Na ce gidanmu ba tasha ba ne. Sai da ya maimaita sau uku cikin wata guda, sannan na tura masa kwatance kamar wadda aka matsa wa.

Ya zo da riga ruwan toka an yi mata guga har tana ɗaukar ido, da ledar lemo da ayaba. Baba tsohon malamin lissafi ne, tun da ya yi ritaya ba shi da aiki sai kwance tsohuwar rediyonsa yana mayarwa. Kafin minti goma sun haɗa kai a kan rediyon nan kamar sun shekara da sanin juna. Mama ta shigo da shayi a kofunan da ba a fito da su sai an yi baƙo na musamman, ta zauna, ta kawo labarin da take ba kowane baƙo.

"Ni fa da kake gani, ɗana, ban taɓa cewa ina son Malam ba. Shi ya nace. Shekara biyu yana sintiri har takalminsa ya cinye, na dai ji tausayinsa ne."

Muka yi dariya kamar kullum. Baba ya yi murmushi yana kallon cikin kofinsa. Da baƙon namu ya tafi Mama ta ce yaron yana da hankali, amma in ja shi tukuna.

Karo na biyu a waya ne, ina kan gado ina cire jan farce. Saƙon ya ce: "Auta, ina so in turo manyana. Ba na son in yi sai kin ce min kina so." Wallahi sai da na rungume matashin kai na yi ihu a ciki don kar Mama ta ji. Na karanta ya fi sau ashirin. Sannan na rubuta masa: "Ka yi haƙuri, akuyata ba ta da lafiya," na haɗa da hoton akuya tana harara. Ya turo fuskar dariya guda ɗaya. Bai ƙara komai ba, ni kuma na kwanta ina jin daɗi, ina jiran in ga da wace dabara zai dawo.

Na ukun, shagonmu ya zo da rana tsaka, abin da bai taɓa yi ba. Ina gyara wa wata tsohuwa hannun tabarau. Ya jira har ta tafi, ya ajiye takarda a kan gilashin kanta. An buɗe sabon asibiti a wani gari mai nisa, tafiyar yini guda a mota, suna so ya je ya riƙe sashen na'urori na shekara uku.

Ya ce, "Ranar Alhamis zan ba su amsa. In kin ce in zauna, zan zauna. In kin ce mu tafi tare, in turo a yi magana kafin lokacin. Ko wanne kika ce daidai ne. Ki dai ce wani abu, ke da kanki."

Kun san me na yi? Na ɗauki ƙyalle na ci gaba da goge tabaran da babu ko ƙura a jikinsa. Na ce, "Ikon Allah. Ni na haife ka? Aikinka ne fa, ka yi abin da ya fi maka."

Ya daɗe yana kallona. Ya ninke takardarsa ya ce, "To." Har ya kai ƙofa ya juyo ya ce in gaida Baba.

Na tabbata zai sake tambaya. Ai kullum yana sakewa. Talata na ajiye waya a gefen kanta fuskarta sama. Laraba na tanadi amsata, har na gwada ta gaban madubin shago: zan ɗan ja, sannan in ce to shi ke nan tun da ka nace. Alhamis ta zo ta wuce. Ina ganin yana kan layi, in buɗe sunansa, in rufe. Na rubuta "ya ake ciki" na goge ya fi sau goma, don kar a ce ni na fara.

Ranar Asabar na je wasa na sha kwalliya, na ɗaure fuska. Jarumai sun iso gaɓar ƙarshe, tsibirin dodo yana hange. Na gyara zama na ce, "To ni nan na tsaya. Na kawo ku, ga tsibirinku can. Gida zan koma, akuyata ba ta da lafiya."

Dogo ya fara dariya tun kafin a ji dabarar yau. Mai Labari bai taɓa fensirinsa ba. Ya ce, "To. Kin juya kwalekwalenki, ruwa ya kwanta miki, kin isa gida lafiya. Bukkarki tana nan yadda kika bar ta. Akuyarki ta warke sarai, tana cin ciyawa." Ya juya ga sauran. "Ku kuma kun sami wani tsohon jirgi a cikin ciyayi. Wa zai tuƙa?"

Lauya ya buɗe baki zai yi gardama, Nas ta taka masa ƙafa. Aka ci gaba da wasa. Awa uku ina zaune da takardata a gabana, ɗan ludona a hannu, babu wanda ya tambaye ni me zan yi, don babu abin yi a bukka. Asabar ta gaba ma haka. Sau ɗaya ya juyo ya ce, "Mai Fito, akwai abin da kike so ki yi?" Na ce ina ba akuyata ruwa. Ya ce, "Ta sha," ya wuce.

A hanyar gida Nas ta tsayar da ni a bakin titi. "Ke wai lafiyarki ƙalau? Mutumin nan ya sa hannu a takarda, kin sani? Ranar Lahadin sati mai zuwa zai tafi."

Na ce, "Allah ya kiyaye hanya."

Ta ce, "Amin. Ke kuma Allah ya ba ki lafiya, don ba akuyar ce ba ta da ita ba." Ta tare abin hawa ta bar ni a tsaye.

Satin nan ban san yadda na yi shi ba. Na ba wani mutum tabaran matarsa, na ɗaure kusa a inda ba wurinta ba har gilashi ya tsage. Abinci in na sa a baki kamar takarda. Ranar Juma'a ya rubuta a guruf ɗinmu na waya: "Gobe ne zaman ƙarshe, za mu rufe labarin. Lauya zai karɓi kujerata bayan na tafi." Kowa ya turo fuskar kuka. Ni ban turo komai ba, na shiga bayan shago na yi na gaske.

Ranar Asabar ɗin awa biyu na yi gaban madubi. Na sa doguwar rigata kore mai ƙananan furanni a wuya, na cire, na sa baƙa, na koma koren. Na ja kwalli ya karkace, sai da na goge na sake. Mama ta leƙo ta ce, "Duk wannan na ludo ne?" Na ɗauki jakata na fita.

An fara wasa, jarumai suna tsibiri, abu ya ɓaci. Gatarin Nas ya karye, wadan Dogo yana hannun dodo, bokan Lauya tsafinsa ya ƙare sai surutu. Jirginsu ya nutse, babu hanyar dawowa. Ban jira a kira ni ba. Na ce, "Mai Fito ta kwance akuyarta ta kai wa maƙwabta. Ta ɗauki filafili."

Kowa ya juyo. Shi ma ya ɗago a hankali. Ya ce, "Ruwan ya yi ƙarfi, tafiyar kwana uku ce, su kuma ba su da ko awa guda. Sai lamba babba ƙwarai. Jefa."

Na jefa. Ɗan ludon ya gangara ya bugi kofin Dogo ya tsaya. Ashirin. Shekara guda da rabi ina wasan nan ban taɓa samun ta ba sai ranar.

Dogo ya miƙe yana ihu har kansa ya bugi fanka. Mai Labari ya ba da labarin yadda kogin ya san ta ya buɗe mata tsohuwar hanya, yadda ta ɓullo cikin hazo a tsaye a kan kwalekwale. Ya juya murya ta zama ta dodo: "Ke kuma wa ya kira ki?"

Na dube shi ido cikin ido na ce, "Babu wanda ya kira ni. Ni na zo. Na zauna a gida na ga ba zan iya ba. Inda kuke nan nake so in kasance."

Muryata ta karye a ƙarshe. Nas ta sunkuyar da kai. Muka kashe dodon, ruwan sama ya sauka a ƙasa bakwai, aka tafa, Dogo ya kawo lemon kwalba. Ni kuwa zuciyata fes, a ganina na gama aikina. Na faɗa, kuma ya ji.

Da aka watse na same shi a cikin shago, tsakanin injinan buga takarda, yana ɗaure kwalinsa da roba. Na tsaya ina wasa da bakin mayafina. Ya ce, "Kin yi wasa mai kyau yau."

"Shi ke nan abin da za ka ce?"

"Me kike so in ce, Auta?"

"Ai ka ji abin da na faɗa a ciki."

"Na ji abin da Mai Fito ta faɗa wa dodo." Ya ajiye kwalin. "Ke fa?"

Ga shi a gabana, babu kowa, Dogo ma ya fita waje da gangan. Kalma uku ce ko huɗu. Na ji ta taso har maƙogwarona. Abin da ya fito shi ne, "Kai ma dai ka cika son a yi ta maimaita magana."

Ya gyaɗa kai kamar wanda likita ya tabbatar masa da abin da ya riga ya sani. Ya ce, "Ranar da na zo gidanku, da Mama ta ce ba ta taɓa cewa tana son Baba ba, kowa ya yi dariya. Ni Baba nake kallo. Auta, zan iya jiranki shekara goma. Abin da ba zan iya ba shi ne in zauna a falona ina da furfura, matata tana gaya wa baƙi tausayina ta ji."

Kunya da zafi suka haɗu suka rufe min ido. Na ce, "Au, iyayena za ka zaga? Daga ba ka shayi?" Na fizgi jakata na fita. Ya kira sunana sau ɗaya. Na rage sauri a bakin titi ina jiran na biyu, ban ji ba.

Na isa gida rana tana shirin faɗuwa. Baba yana baranda a kan tabarma, rediyonsa a kwance gabansa, ya jera kusoshin a murfin gwangwani. Ya dubi fuskata ta saman tabaransa, kwalli duk ya zubo, ya matsa min wuri. Na zauna. Can na ce, "Baba, in tambaye ka? Mama ta taɓa ce maka tana sonka?"

Na zaci zai yi dariya ya ce wace irin tambaya ce wannan. Ya ci gaba da juya sukurdireba a kusar da ta riga ta ɗauru. Ya ce, "Uwarki mutuniyar kirki ce. Da na kwanta asibiti, kwana arba'in a kan kujera ta yi barci."

"Na sani, Baba. Amma ta taɓa faɗa?"

Ya gyara zaman tabaransa. "Shekara talatin da huɗu. Nakan ce ko gobe." Ya ajiye sukurdireban. "Yaron nan ne zai tafi ko? Kar ki ga laifinsa, Auta. Ni ina da haƙuri, amma ba zan yi wa ɗan wani fatan irinsa ba."

Ƙarar cokali a jikin kofi ce ta sa muka juya. Mama tana tsaye a bakin ƙofa da faranti a hannu, ban san tun yaushe ba. Ta dubi Baba, leɓenta yana motsi. Na rantse na ga maganar ta zo mata. Ta sunkuya ta ajiye farantin a gabansa ta ce, "Shayinka zai huce, Malam." Ya ce, "Na gode."

Na tashi da gudu na shige ɗaki na kira shi. Bugu biyu ya ɗauka. Ina jin ƙarar zif ɗin akwati a bayansa.

"Auta."

"Ka... ka gama haɗa kaya?"

"Saura kaɗan." Ya yi ajiyar zuciya. "Ba zan tambaye ki komai ba, na daina. Amma zan riƙe wayar. Ina jin ki."

Ya riƙe. Ina jin numfashinsa, ina kallon lambobin suna tafiya a fuskar waya, daƙiƙa talatin, hamsin, minti ɗaya da rabi. Hawaye yana shiga min baki. Duk abin da ke cikina yana ihu, harshena ya ƙi ɗagawa, wata murya tana ce min bari ya ƙara tambaya sau ɗaya tak, sau ɗaya, sai ki faɗa. Bai tambaya ba. Ya ce a hankali, "Allah ya sa ki gama lafiya, Auta," layin ya katse.

Sai a lokacin bakina ya buɗe. Na faɗa wa wayar da babu kowa a cikinta, na faɗa da ƙarfi, na maimaita, ina kuka kamar ƙaramar yarinya.

Katifa ta motsa a gefena. Mama ce. Ban taɓa ganin idonta ya yi ja haka ba. Ba ta yi min faɗa ba, ba ta ce darajata ta zube ba. Ta ɗora yatsa biyu a maƙogwaronta ta ce, "Nan yake tsaya miki ko? Ni ma nan yake tsaya min." Ta ɗauki wayar daga kan cinyata ta danƙa min a hannu. "Sake kira. Ina nan zaune."

Na kira. Muryar matar nan ta kamfani ce ta amsa, wai lambar a kashe take. Na sake, ita ce dai. Na uku ma ita.

Mama ta goge fuskarta da gefen zaninta. "Ƙarfe nawa motarsa za ta tashi?"

"Bakwai na safe. Mama, ko na je ba zan iya ba. Kin ga yanzu ma..."

Ba ta saurare ni ba. Ta miƙe ta leƙa baranda.

"Malam, akwai mai a motarka?"